Butar da Na Hana Inna Riƙewa

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ka sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba, domin duk mutanen da abin ya shafa suna raye, kuma a cikinsu ni kaɗai ce mai laifi. Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina aure a Gummi, maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, ni kuma ina sayar da atamfofi a cikin gida. Ina da rufin asiri, ina da baki, kuma na san ina da shi. A danginmu idan na yanke magana ta yanku, ko mazan gidanmu gudun ja-in-ja da ni suke yi. Ni a lokacin gani nake wannan shi ne ƙima, ban san tsoron masifata ake yi ba.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma Inna irin matan dā ce masu tsananin kunyar ɗan fari, ga ta da jinin Fulani ta wajen uwa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a hannunta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke" ko "waccan". Ba ta cin abinci a gabana, ba ta dariya da ni, idan na shigo ɗaki tana kwance sai ta tashi zaune ta gyara mayafi. Ina kallo ƙanena yana jingina da ita suna hira, ni kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma abin ya zauna mini a rai tun ina yarinya. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya sa na yi abin da na yi, ba don in wanke kaina ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta ci gaba da zama a ƙauyenmu kusa da Bukkuyum, tana yin daddawa tana aikawa kasuwa. Wata ranar kaka, ana tsakiyar roron wake, hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida. Ta yi kwanaki a asibiti, aka sallame ta da shanyewar ɓarin jiki na dama. Ƙafar tana ɗan motsi, hannun kuwa kamar ba nata ba, magana tana fita da ƙyar amma ana ganewa. Ƙanena, wanda ke zaune da iyalinsa a Bukkuyum, ya so ya ɗauke ta, na ce ina, ni ce babba, gidana ya fi yalwa, kuma ba zan bar uwata a hannun matarsa ba, yarinyar da ko miya ban yarda da tata ba. Na kawo Inna Gummi na ba ta ɗaki, na ɗaura ɗamara. Ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki, ni ke yi mata alwala, ni ke ciccibar ta zuwa bayi in yi mata tsarki. Ko cokali ban bari ta ɗaga ba. Masu zuwa dubiya suna ta sa mini albarka, ana cewa wance ta gama samun aljannarta, ni kuma kaina yana ƙara girma. A ƙasan raina kuwa murna nake yi, yau ga Inna a hannuna, ina taɓa ta yadda na ga dama.

Ana nan sai ƙanena ya zo da wata magana. Shi yana da ɗiya da gubar dalma ta taɓa tun tana jaririya, lokacin da yake aikin niƙan dutsen zinariya a wajen Yargalma. Yarinyar ta rayu, amma ta daɗe ba ta iya riƙe komai ba. Ya ce akwai wata ma'aikaciyar lafiya a Anka da ta koya wa ɗiyar tasa cin abinci da sa riga da kanta, kuma tana duba tsofaffi masu irin ciwon Inna. Na ce ai mai gashi ce, a kawo ta ta gasa hannun. Ranar da ta zo na ga wata siririyar mace da ba ta kai ni shekaru ba, da jaka a kafaɗa, tana Hausa irin ta mutanen gabas. Tun daga nan na ji ba ta kwanta mini ba. Ta ce ita ba mai gashi ba ce, ko da yake suna aiki tare da su. Masu gashi ƙarfin gaɓa suke nema, ita kuwa aikinta shi ne ta mayar da mutum ga abubuwan da yake yi a yininsa, daga wanka da cin abinci da sa tufafi, zuwa sana'arsa da ibadarsa da zama cikin mutane. Ta ce tana aiki da yara irin ɗiyar ƙanena, da mahaƙan da injin niƙa ya cinye wa yatsu, har da waɗanda firgita ta hana su fita gona. Idan jikin zai iya koyo, a koya masa. Idan ba zai iya ba, a sauya yadda ake yin aikin, ko a gyara wurin da ake yin sa. Na ce a raina wannan kuma wane irin likitanci ne, babu allura babu ƙwaya.

Abin da ya fara haɗa mu shi ne da ta ce in ba su wuri, tana son ta gana da Inna su biyu. A gidana, a ɗakin da na share da hannuna. Na fita ina huci, na tsaya a bakin ƙofa ina kasa kunne, ban ji komai ba sai muryar Inna ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana magana, tsawon da ba ta taɓa yi da ni ba. Da baƙuwar ta fito na tambaye ta abin da suka tattauna, ta ce ta tambayi Inna abin da ta fi so ta koma yi da kanta, Inna ta faɗa mata, amma ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Sai ta ce in nuna mata bayinmu. Na yi tsaye ina kallonta tana leƙa masai, tana auna faɗin ƙofa da igiya, tana ƙirga taku daga ɗakin Inna zuwa can. Daga ranar na sa mata suna likitar buta, kuma ban ɓoye ba, a gabanta nake faɗa.

Duk mako biyu take zuwa, duk da yadda hanyar Anka ta zama a shekarun nan, kuma duk zuwa da sabon abin da zai ɓata mini rai. Ta naɗe mariƙin cokali da robar tayar keke don ya yi kauri. Ta ce a riƙa ɗora kwanon Inna a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Ta kawo wani abu kamar tafin hannu na roba, ta ce a riƙa ɗaura wa hannun dama na wasu awoyi don kada yatsun su dunƙule. Ta ce kafin hannun ya farfaɗo Inna ta ci da hagu, na ce uwata ba za ta ci da hannun tsarki ba, ta ce in tambayi malamai a kan lalura. Na tambaya, aka ba ta gaskiya, haushi ya ƙaru. Sannan ta sa ƙanena ya kawo kujerar da kafinta ya yi, mai rami a tsakiya da madafa biyu, a ɗora a kan masai, da gora da za a kafa a jikin katanga don dafawa, da wata 'yar buta da ta ɗaura wa igiya, wai a rataye a ƙusa yadda Inna za ta karkata ta da damtsen hannun da ya mutu, ruwa ya zubo. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda take ce mini in riƙe hannuna. Wai idan Inna tana fama da abu, in ƙirga har ashirin kafin in taimaka. Ni da uwata, wata can za ta zo ta koya mini ƙirga.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, ranar da matar za ta zo Inna takan wayi gari da walwala. Na ga yatsunta biyu sun fara motsi. Na gani da idona, kuma maimakon in yi murna sai na ji kishi, don ba ni na sa su motsi ba.

Ranar da abin ya fashe, wasu maƙwabtana uku sun shigo dubiya da hantsi. Suka tarar da Inna zaune a tabarma, an sa mata faifan wake a gaba tana tsince tsakuwa da mataccen hannun, ƙwaya ɗaya sai ta yi faɗuwa uku kafin ta kai gefe. Gabanta duk koko ne da ya zube lokacin da take sha da kanta, ga likitar buta zaune ta harɗe hannuwa tana kallo. Ɗaya daga cikin matan, wadda dama bakinta ba ya shiru, ta dube ni ta ce ashe har jinyar ta ishe ni, tsohuwa da ciwo an sa ta tsintar wake. Ta faɗa da dariya, amma ni ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Duk albarkar da aka yi wata biyu ana sa mini, na ga za ta tafi a kan faifan wake.

Na fizge faifan daga gaban Inna, waken ya watse. Na juya kan likitar buta na wanke ta tas. Na ce mata maƙaryaciya ce, ba ta san komai ba sai wulaƙanta tsofaffi, in da ta san darajar uwa da ba ta zauna tana kallon tawa tana ɓata jikinta ba. Na ce ta je ta sa tata uwar tsintar wake. Na faɗi abin da ya fi wannan muni, wanda ba zan iya rubutawa ba. Ba ta rama ba, ta tattara kayanta a nutse, sai da ta kai bakin zaure ta juyo.

"Hajiya, ni zan tafi. Amma don Allah ki tambaye ta abin da take so. Ni na tambaye ta, ke ba ki taɓa tambaya ba."

Na ce ta fice mini daga gida. Da yamma na sa gatari na faskara kujerar, da ita aka dafa tuwon ranar. Gorar na ciccire, robar hannun na jefa a bola, butar na tsinke igiyarta na mayar cikin sauran butoci. Ƙanena ya kira ni a waya, na ce idan ya sake turo mini ita to shi ma kada ya sake tako gidana. Inna tana jin duk abin da ake yi, ta juya fuska ga bango.

Na koma jinyata yadda na saba, har na ƙara himma don in rufe bakin mutane. Sai dai Inna ta fara ƙin abinci. Loma uku ta kawar da kai. Ruwa kuwa sai na yi da gaske take kurɓa, ga bazara ta shigo da zafinta na Gummi. Na yi fura mai kyau, na sayo kankana, na yi lallashi, na yi faɗa, har ɗure na taɓa yi mata kamar jaririya. Na ce ciwon ne, na ce ko sammu ne, har na zargi likitar buta da cewa ita ta sa mata wani abu a rai. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma ni ban tsaya neman dalili ba, tunda na riga na yanke cewa ba daga gare ni yake ba. A hankali yatsun da suka fara motsi suka tsaya, hannun ya dunƙule ya manne da ƙirji, har sai na yi da ƙarfi nake buɗe shi in wanke. Da zazzaɓi ya kwantar da ita muka kai ta asibiti, likita ya ce jikinta ya bushe, ciwon mafitsara ya kama ta, sai da aka yi mata ƙarin ruwa kwana huɗu. Ya tambaye ni ko ba a ba ta ruwa a gida, na kusa cinye shi da masifa.

Kwana biyu da dawowarmu, da safe bayan an share gida, na ciccibe ta zuwa bayi kamar kullum. Ba ta da nauyi a hannu har abin ya ba ni tsoro. Na zaunar da ita, na kai hannu zan kwance mata zani, sai ta sa hannun hagu ta damƙe bakin zanin. Na ce ta saki mana, rana tana yi. Sai na ji ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji daga bakinta ba tun da ta haife ni. Na shekara arba'in ina jiran wannan rana, ban taɓa zaton a bakin masai za ta same ni ba. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo.

"Ke ta ɗiyata ta hwari. Ko ruwa ban taɓa sha gabanki ba. Yau wata bakwai kina kallon tsiraicina sahe da marece. Shi as sa nika ƙin shan ruwa, don in rage zuwa nan. Abin da nic ce ma yarinyar ke nan, ta koya mani shiga wurin ga ni ɗaya. Ke kuwa kin ƙone kujerar."

Ta mayar da numfashi, sannan ta ce, "Hita. In na hwaɗi, in hwaɗi."

Na fita. Na tsaya a bayan katanga ina jin ta tana fama, kuma babu kujera, babu gorar dafawa, babu butar da za ta iya karkatawa, duk ni na raba ta da su. Ƙarshe dai sai da na kira wata tsohuwar maƙwabciyarmu, sa'arta, ta shiga ta taimaka mata. A ranar na gane cewa duk tsawon watannin nan da nake tara lada a bakin mutane, uwata kashe kanta take yi da ƙishirwa don ta tsira daga hannuna. Kunyar da na ɗauka ciwo ya kawar, tana nan daram, ni ce na bi ta kanta na tattake. Da yamma ta ce a kira ƙanena ya zo ya ɗauke ta.

Ta inda aka hau ta nan ake sauka. Bayan mako guda na shiga mota na tafi Anka neman matar da na kora. Na same ta tana koya wa wani magidanci mai guntun hannu ɗaura igiyar wando. Ta gane ni, ba ta sake mini fuska ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ba ta haƙuri a gaban mutane kamar yadda na ci mutuncinta a gaban mutane. Ta ce ta haƙura, za ta je Bukkuyum, amma don Inna. Da ta duba hannun ba ta ɓoye mini ba, ta ce watannin farko su ne lokacin da jiki ya fi karɓar koyo, kuma an bar su sun wuce, yatsun sun riga sun ƙage. Ta ce ba za ta yi alkawarin da an ci gaba hannun zai dawo kamar dā ba, amma da bai kai haka ba. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da hagu da ƙafar da ke motsi. Aka sake yin wata kujerar, aka kafa gora, aka ɗinka wa Inna zannuwa masu roba a ƙugu, aka rataye buta, wannan karon yadda za ta tura ta da gwiwa.

Yau shekara biyu Inna tana gidan ƙanena. Matarsa, wadda na raina, ita ta iya abin da na kasa, ta raka ta bakin bayi ta koma ta ci gaba da aikinta tana kasa kunne. Inna takan daɗe a ciki, amma ita kaɗai take shiga, ita kaɗai take fitowa. Tana cin tuwonta da hagu, tana shan ruwa son ranta, har tana zama ta nuna wa jikoki yadda ake gyaran kalwa. Na roƙe ta ta dawo Gummi ko na wata guda, ta ce nan ma lafiya lau. Hannun daman yana nan a dunƙule a ƙirjinta, duk zuwan da zan yi shi nake fara gani, kuma na san rabona a cikinsa.

Abin da na koya shi ne jinya ba yi wa mutum komai ba ce. Akwai taimakon da yake tsaya wa mai ciwo, akwai wanda yake tsaya wa mai jinya don a yabe shi, kuma nawa na biyun ne. Ina kira ga duk mai tsoho ko mara lafiya a gida, musamman mu mata masu son a ce mun iya, kafin ki kai hannu ki tambaye shi abin da yake so, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan Allah ya haɗa ku da masu irin aikin matar nan, kada ku raina su don ba su zo da allura ba, kuma kada surutun 'yan dubiya ya sa ku kore su, 'yan dubiya gidajensu za su koma su bar ku da abin da kuka shuka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu idan na je Bukkuyum na yi sallama, Inna takan tashi zaune ta gyara mayafi, ta ture kwanon abincinta gefe, ta ce wa matar ƙanena ta kawo wa waccan ruwa. Idan ta dogara sanda ta nufi bayi, hannuwana sukan yi mini ƙaiƙayi, sai in haɗa su in matse a cinya har in ji zubar ruwan buta. Ba ta sake kiran sunana ba tun daga waccan safiya, ni kuma kullum roƙona Allah kada ya sa in sake ba ta dalili.